Kulocin Surukata

Surukata ta fi shekara talatin tana tuƙa mota ɗaya. Tsohuwar mota ce ruwan ƙasa, mai kaurin jiki, giyarta a ƙasa, kulocinta kuma na sanduna ne: ka taka feda, sanda ta tura wani hannun ƙarfe, shi kuma ya ja wata sandar, har saƙo ya isa. Da ita ta yi aikin ungozoma har ta ajiye aiki, da ita kuma ta ci gaba da zuwa duk inda ranta ya so ba tare da ta roƙi kowa ya kai ta ba. Mama muke ce mata. Ni kuwa Injiniya take kirana, kuma yadda take jan sunan ya isa ka gane ba yabo ba ne.

Ni bakanike ne, na kuma iya, ba sai an tambaye ni nake faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren autarta, amma ko noti ɗaya ba ta taɓa bari na kwance a motar nan ba. Tana da nata mai gyaran, wani tsoho a wata rumfa bayan tashar mota, wanda na laƙaba wa Baba Guduma, don a ganina duka da walda kaɗai ya iya. Abin yana sukata a rai, ba zan ɓoye ba. Ga garejina da ramin duba ƙasan mota da kayan aiki, masu tsofaffin motoci suna zuwa wurina daga nesa, amma uwar matata sai ta wuce ta ƙofata, ta danna mini hon, ta tafi wurin mai guduma.

Baba Guduma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan wata huɗu giyar motar ta fara wasa. Sandar ta saki tana lilo kamar ludayi a tukunya, sai an lalubo lamba ɗaya kafin ta shiga. Wata rana a hawan da ke gaban asibiti Mama ta nemi lamba ɗayan ta rasa, motar ta sulale baya ta daki katangar wani shago. Ba wanda ya ji ciwo, fitilar baya ce kawai ta fashe. Amma kafin yamma labari ya kai kunnen Yaya.

Yaya shi ne babban ɗanta, wan matata. Ba mugu ba ne. Tsoro ne da shi, kuma shi tsoronsa in zai fito baki umarni yake zama. Ya tara mu a falon Mama, ni da matata Auta, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira shi.

"Mama, ya isa haka," in ji shi. "Ki ba ni makullin, zan samo miki direba."

"Direba? In riƙa ce wa ɗan wani don Allah tsaya nan, don Allah jira ni?"

"Yau katanga ce. Gobe fa?"

"Giya ce ta ƙi shiga. Hannuna lafiyarsa ƙalau, idona ma haka, kunnena ya fi naka. Kai da na goya, yau kai za ka koya mini hanya?"

Aka yi ta ja. Auta ce ta raba gardamar. Ta ce in gyara motar, ranar Asabar Yaya ya zauna a gefen Mama ta tuƙa zuwa hawan asibitin nan ta dawo. In ta je ta dawo lafiya, makulli nata ne, kada a sake tayar da maganar. In ta kasa, ta miƙa shi da hannunta. Mama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta yarda. Yaya ma ya yarda.

Ni bayan Mama nake, Allah ya sani. Na san motar nan ita ce ƙafarta, ita ce kuma girmanta. Amma in faɗi gaskiya, abin da ya fi cika mini ciki ran nan murna ce. Bayan shekara goma sha ɗaya, motar za ta hau ramina.

Washegari ta kawo ta da kanta. Ba ta sauko ba sai da ta yafito ni bakin taga.

"Injiniya, giyar kawai za ka taɓa. Sandar nan da ke lilo. Abin da ke ƙasa ka bar shi yadda ka same shi."

"Mama, ai sai na duba duka."

"Duba da ido. Ban ce da hannu ba."

Na yi dariya na ce to. A raina na ce, tsohon ya mutu amma har yanzu ana kare masa aikinsa.

Gyaran giyar bai ci mini rabin yini ba. Robobin da ke riƙe gindin sandar sun narke, fil ɗin da ke haɗa ta da ta ƙasa ya cinye ta gefe ɗaya. Na sa sabbi, na shafa giris, na ɗaure. Sanda ta tsaya cak, kowace lamba tana shiga da ɗan sautinta. Da a nan na wanke hannu na rufe, da wannan labarin bai samu ba.

Sai na ɗauki fitila na sauka rami, wai in duba da ido.

Abin da na gani a hannun kulocin ya sa na saki salati. An ɗauko wani guntun ƙarfe, ina zaton na tsohon gado ne, an liƙa a kan hannun na asali don ya ƙara tsawo. Waldar kamar kashin kaji. An huda ƙarfen huji-huji a jere, ba su ma daidaita ba, an saƙala sandar feda a ɗaya daga ciki. Sifirin ɗin da ke maido da feda an cire shi, an sa wani siriri da bai fi na ƙofar kanti ƙarfi ba. Na fito na shiga motar na taka. Feda ta tafi luƙus, kamar ka taka katifa, sai ta kusa ƙasa sannan kuloci ya saki.

Na san abin da tsawon hannu yake yi. Duk wanda ya taɓa zura bututu a sufana don noti ya gagara ya sani: in hannu ya yi tsawo, aiki ya yi sauƙi. Na san laushi aka nema. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, don wa aka neme shi. Ni dai muni na gani, na kuma ga dama ta samu in nuna bambancin bakanike da mai guduma.

A bayan garejin akwai gawar mota irinta. Na kwanto hannun kuloci na asali daga jikinta, na wanke shi da fetur, na ɗaura. Na sa sifirin mai ƙarfi irin na kamfani. Na buɗe littafin motar na auna wasan feda daidai yadda aka rubuta. Ƙarfen Baba Guduma kuwa na wurga shi cikin duron da nake tara tarkace, har da tsaki. Na taka sabon kulocin, ya tsaya mini a ƙafa ƙyam, na ji daɗi ƙwarai.

Ranar Juma'a da yamma na tuƙo motar da kaina na ajiye a tsakar gidanta, goshinta na kallon ƙofa. Ta fito ta zagaya ta.

"Giyar kawai ka taɓa ko?"

"Komai ya yi daidai, Mama."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban ƙara ba. So nake ta ji bambancin da ƙafarta, ta ce ashe haka motar take.

Asabar da safe ta fito cikin kwalliya, da jakarta a hannu, kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Yaya ya shiga gefe ya ɗaura bel yana ta gyaran murya. Ni da Auta muka tsaya bakin ƙofar da na wangale. Mama ta gyara madubi, ta tayar da mota, ta ɗora hannu a kan giya. Sai ta taka kuloci.

Na ga fuskarta ta gilashin gaba. Ba fushi ba ne. Kamar wanda ya jingina da bangon ɗakinsa ne ya ji babu bangon. Ta ɗago ido ta nemo ni, ta tsaya a kaina.

Ta sake takawa, ta tura giya. Haƙoran giyar suka yi ƙara mai sa tsikar jiki tashi, don kulocin bai kai ƙasa ba. Ta dawo da giyar firi, ta gyara zama, ta matso da kujera, ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta danna da dukan jikinta. Wannan karon lamba ɗaya ta shiga. Amma da ta zo saki, fedar ta ƙwace mata. Motar ta yi tsalle gaba ta mutu.

"A hankali, Mama," in ji Yaya.

Ta sake tayarwa. Haka aka yi sau uku. A na ukun motar ta yi tsalle har goshinta ya goge ginshiƙin ƙofa, Auta ta yi ihu ta ja baya. Gumi ya jiƙa goshin Mama. Ba ta ko fita daga gidan ba.

Yaya ya sauko ya zo wurina. Bai ɗaga murya ba, amma tagar motar a buɗe take.

"Faɗa mini tsakaninka da Allah. Motar ce, ko ita ce?"

Mama tana kallona. Kalma uku sun isa: bari in duba. Da na ce wataƙila na ɗaure abin da yawa, a ba ni zuwa gobe, da ba wanda zai musa mini. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne ana tuhumar aikina, a gaban matata, a kan motar da na jira shekara goma sha ɗaya.

"Motar nan ba abin da ke damunta," na ce. "Yadda ta fito daga kamfani haka take yau. Shiga ka taka ka ji."

Magana zarar bunu ce. Mama ta kashe motar, ta zare makulli, ta miƙa wa Yaya ta taga. Ta buɗe ƙofa. Da za ta sauko sai na ga ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwarta ta hagu, ta ɗago ƙafar ta ajiye a ƙasa, da sauri, cikin zane, yadda in ba ka tsaya daidai inda na tsaya ba ba za ka gani ba. Ta shige ciki. Yaya ya shiga motar ya taka kulocin sau biyu, ya sa giya ya fitar, ya girgiza kai cikin tausayi.

Daga gidan gareji na wuce kai tsaye. Na kifar da duron tarkacen nan a ƙasa na tono ƙarfen. Na goge shi da tsumma na kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

Huji huɗu ne. Na farko, na kusa da gindi, ya cinye ya yi tsatsa, an daɗe da barinsa. Na biyu ma ya ci, amma bai kai na farko tsufa ba. Na uku yana ƙyalli, a nan na sami sandar. Na huɗu, na can ƙarshe, sabo ne fil, ba abin da ya taɓa shiga cikinsa, an cusa masa giris don kada ya yi tsatsa. Ba lokaci ɗaya aka huda su ba. Duk sanda ƙafar ta ƙara rauni, sai tsohon ya matsar da sandar gaba. Na ƙarshen kuma ya tanadar mata ne kafin ya tafi.

Na tuna ranar taron falo. Ta lissafa hannu, ta lissafa ido, ta lissafa kunne. Ba ta ce ƙafa ba. Na zauna a kan tsohuwar taya da ƙarfen a cinyata, kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, alhali ba kowa a garejin sai ni.

Da la'asar na koma. Na same ta a falo ita kaɗai, ta cire kwalliyar. Na durƙusa na ajiye ƙarfen a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Shekara tara," ta ce. "Tun wata faɗuwa da na yi a banɗaki. Ba wanda ya sani."

"Da kin faɗa mini, Mama."

"Na faɗa maka. Na ce ka bar shi yadda ka same shi." Ta taɓa waldar da yatsa. "Shi wancan ban taɓa faɗa masa komai ba. Ya ga yadda na sauko daga mota ne wata rana, ya ce in bar masa ita zuwa gobe."

Na ɗauki ƙarfen na sa a jakata. Daga baya na ce zan je wurin Yaya in gaya masa laifina ne.

"Je ka faɗi abin da ka ga dama. Amma ƙafata ba ta cikin zancen. In ya ji, ba mota kaɗai zai karɓe ba. Gidan nan zai rufe, ya kai ni nasa, ya sa mini mai jinya ta riƙa bina har bayi. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Wannan karon ka ji da gaske."

Na sami Yaya a ofishinsa ranar Litinin. Na ce masa ni na ɗaure kulocin ba daidai ba, ya yi wa kowa tauri, a sake ba ta dama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Kai? Tunda na san ka ban taɓa jin ka ce ka yi kuskure a aiki ba. Yau ɗaya za ka fara, kuma a kan motar da na taka da ƙafata na ji lafiyarta lau?" Ya dafa kafaɗata. "Na san tausayinta kake ji. Ni ma ina ji. Amma gara ta yi fushi da mu tana raye."

Ƙarfen yana cikin jakata. Da na fito da shi na nuna masa hujin nan, da ya gaskata ni nan take, da kuma ya gane komai. Na riƙe jakar na yi masa sallama.

Na mayar da hannun kulocin da Baba Guduma ya haɗa inda na same shi, da siririn sifirin ɗinsa. Mama ta ƙi direba ƙememe, don haka Yaya ya ba ni makulli ɗaya, ni nake kai ta unguwa duk Talata. Sauran kwana shidan tana gida. Duk sanda na taka fedar nan ta tafi luƙus, sai in ji a tafin ƙafata iyakar ƙarfin da ya rage mata, da yadda ta riƙa lallaɓa shi shekara tara ba wanda ya lura. Sau da yawa in mun fita gari nakan ce ta karɓa ta ɗan taɓa, ba mai gani. Sai ta ce, "Da hannuna na miƙa," ta juya tana kallon taga.

Wata biyar muka yi a haka. Ta fara riƙe sanda, ta ce wa 'ya'yanta tsufa ne. Ni kaɗai na san wace ƙafa sandar take taya. Ban taɓa tunanin cewa takawar nan ta kullum, sau ɗari a yini, ita ce ke riƙe da ƙafar ba, sai da na ga yadda take janta bayan an raba ta da motar.

Wata Talata da hantsi muna kan titin bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda ba mota ba mutum, sai ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Sauko."

Na sauko. Tun mako biyu kafin nan na shiga rami na matsar da sandar zuwa hujin ƙarshe, ko da za a yi irin wannan ranar. Na zagaya na buɗe mata, ta dafa ni ta sauko, ta dafa mota ta zagaya a hankali har ta zauna a mazauninta. Ta gyara madubi. Ta matso da kujera. Ta shafa sitiyarin da tafin hannu, injin yana ta kaɗawa a hankali.

Ta taka. Fedar ta tafi rabi ta tsaya. Na ga ƙafar tana rawa. Ta saki, ta numfasa, ta sake. Ta cire hannu ɗaya daga sitiyari ta danna gwiwar da shi, ta cije leɓe. Fedar ta ƙara tafiya kaɗan, sannan ta turo ƙafar ta dawo sama.

Ta mayar da hannunta biyu kan sitiyari, tana kallon titin da ya miƙe a gabanta fayau.

"A huji na nawa yake?"

"Na huɗu, Mama."

"Ba za ka iya yin na biyar ba?"

Karo na farko ke nan da ta nemi in yi mata wani aiki a motar don ta yarda na iya. Na so in ce zan iya. Amma na riga na auna: in aka ƙara tsawo ko da faɗin yatsa ne, feda za ta kai ƙasa kuloci bai saki ba. Tsohon ya huda na ƙarshen daidai inda dabara ta ƙare.

"Ba zai yiwu ba, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta kai hannu ta kashe motar da kanta, ta bar makullin a jiki.

"To zo ka ɗaga mini ƙafar nan," ta ce. "Yau ta ƙi fita."